Labarin Fasto Martin Luther King, Wanda Ya Ƙi Ramuwa

Dattawan da ke cikinmu ba su manta da zamanin majigi ba. Mota takan shigo gari da la'asar, yara suna binta da gudu, a kafa farin ƙyalle a fili. In dare ya yi sai a tada inji, jama'a su zauna a ƙasa suna kallon hotuna masu motsi, mai bayani kuma yana faɗa musu da Hausa abin da a ke yi. Yawancin abin da a ke nunawa a lokacin nan sha'anin noma ne, da tsabta, da tafiye-tafiyen manyan mutane. Galibinsu ba wasan kwaikwayo ba ne. Abin da ya auku ne aka ɗauka, aka kawo domin wanda bai je ba shi ma ya gani.

A watan nan muna so mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda aka ɗauki rabin aikinsa a cikin irin hotunan nan. Sunansa Martin Luther King, baƙar fata ne na ƙasar Amurka, fasto ne kuma na ekklesiyar Baftis. An kashe shi a shekara ta 1968, amma har yau wanda ya so yana iya ganinsa yana wa'azi, ya ga 'yan sanda suna tura shi cikin mota, ya ga karnuka suna yayyage rigunan mutanensa. Da yawa cikin samarinmu na Jega da Aliero da Maiyama sun ga guntayen hotunan nan a wayoyinsu, sun san fuskarsa, amma ba su san mafarin al'amarin ba.

Asalinsa

Kakannin baƙaƙen Amurka daga ƙasashenmu na Afirka aka kwashe su cikin jiragen ruwa, aka sayar da su ga masu gonakin auduga da taba da rake. Kada mu yi saurin ɗaga kai, gama a manyan kasuwannin ƙasar Hausa ma an sayar da mutane kamar yadda a ke sayar da shanu, ba a kuwa kashe bauta ƙurmus bisa doka a Arewa ba sai a 1936. A Amurka an hana ta tun 1865, bayan yaƙin basasa mai zafi. Amma da aka 'yanta bayin, sai Turawan jihohin kudu suka kafa waɗansu dokoki na rarrabewa. Makarantar baƙi dabam, ta farare dabam. Haka asibiti, da gidan abinci, da famfon shan ruwa, da wurin jiran jirgi, har da maƙabarta. Abin baƙin ciki kuwa, masujadai ma haka su ke, ko da shi ke Littafi ɗaya a ke karantawa a cikinsu duka.

A cikin wannan hali aka haifi Martin, ran 15 ga Janairu, 1929, a birnin Atlanta cikin jihar Jojiya. Gidansu gidan fastoci ne. Kakansa na wajen uwa, A. D. Williams, shi ya riƙe ekklesiyar Ebenezer tun 1894, da ya rasu a 1931 sai uban Martin ya gaje shi. Uwarsa Alberta ita ce mai kaɗa ogan a masujada. Da fari sunan uban da na ɗan duka Michael ne. A 1934 uban ya tafi babban taron Baftis a ƙasar Jamus, ya ga wuraren da Martin Luther ya yi aikin gyaran ekklesiya, bayan ya komo gida kuwa suka ɗauki sunan nan, shi da ɗansa.

Ba matalauta ba ne, yaron bai kwana da yunwa ba. Amma yana shekara shida ya fara ɗanɗana abin da ke jiransa. Yana da wani abokin wasa, ɗan wani Bature mai kanti a unguwarsu. Da lokacin shiga makaranta ya yi, sai uban yaron ya hana ɗansa wasa da shi, ba don wani laifi ba sai don launin jikinsa. Martin ya zo gida ya tambayi iyayensa, a ranar kuwa suka gaya masa labarin bauta. Daga baya ya ba da labari cewa ya ƙudura a ransa zai ƙi kowane Bature, iyayensa kuma suna ta faɗa masa wajibin mai bi ne ya ƙaunace su. Ya daɗe bai ga yadda wannan zai yiwu ba. Yana shekara 15 kuma, suna komowa daga wata gasar iya magana tare da malamarsa, direban mota ya tashe su daga kujerunsu domin Turawa su zauna, suka yi tafiyar mil 90 a tsaye cikin dare.

Karatu bai ba shi wuya ba. Ya shiga kwalejin Morehouse a 1944, aka naɗa shi aikin fasto a 1948, ya yi shekara uku a makarantar tauhidi ta Crozer, sa'an nan ya tafi jami'ar Boston inda ya sami digirin dokta a 1955. A Crozer ya ji labarin Gandhi na Indiya, yadda ya tsaya wa mulkin Ingila ba da makami ba, abin ya shiga ransa ƙwarai. A Boston ya sadu da Coretta Scott, mai koyon waƙa, suka yi aure ran 18 ga Yuni, 1953. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Motocin Montgomery

A 1954 wata ekklesiya a Montgomery, babban birnin jihar Alabama, ta kira shi. Ya tafi da nufin yin kiwon garkensa kurum, ya shirya wa'azinsa da kyau, ya ziyarci marasa lafiya.

To, ga yadda motocin haya na birnin nan su ke. Kujerun gaba na Turawa ne, ko ba kowa a kansu baƙi ba ya zama. Sau da yawa baƙi yakan biya kuɗinsa a ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta ƙofar baya, wani lokaci kafin ya kai sai direba ya ja mota ya bar shi. In wurin Turawa ya cika, sai a tashi baƙaƙen da ke tsakiya. Alhali kuwa cikin masu shiga motocin nan, uku bisa huɗu baƙaƙe ne.

Ran 1 ga Disamba, 1955, wata mai ɗinki, Rosa Parks, mace mai kamun kai, 'yar shekara 42, tana komowa daga aiki, direba ya ce ta tashi wani Bature ya zauna. Ta ƙi. Aka kira 'yan sanda suka kama ta. A daren nan wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ta kwana tana buga takardu dubbai, ana roƙon kowane baƙi kada ya shiga mota ran Litinin. Ran Lahadi fastoci suka sanar a masujadai. Da gari ya waye ran Litinin, 5 ga wata, King da matarsa suka leƙa ta taga, suka ga motar farko ta wuce wayam, ta biyu ma haka.

Da la'asar shugabanni suka taru suka zaɓe shi ya ja gaba. Yana da shekara 26. Ba don sun san girmansa suka zaɓe shi ba. Baƙo ne a garin, bai riga ya yi abokan gaba ba, in kuma abin ya lalace yana da wurin komawa. Ya sami kamar minti ashirin kaɗai ya shirya abin da zai faɗa wa dubban mutanen da suka cika masujada har waje a daren nan. Ya gaya musu sun gaji da wulakanci kuma suna da gaskiya, amma ya gargaɗe su ba za a ƙone gidan kowa ba, ba za a taɓa jikin kowa ba, gama su masu bin Yesu ne.

An yi tsammani kwana ɗaya za a yi. Aka yi kwana 381. Ku dubi wannan da kyau, ya ku masu karatu. Yawancin mutanen nan barori ne a gidajen Turawa, da masu wanki, da leburori. Waɗansu suna tafiyar mil da yawa a ƙasa kowace safiya, cikin ruwa da sanyi, su yi aikin yini, su sake takawa zuwa gida. Masu ƙananan motoci wajen 300 suka ba da motocinsu ana ɗaukar mutane kyauta, ekklesiyoyi suka tara baiko suka sayi waɗansu. Da dare kuma a taru a masujada, a yi waƙa, a yi addu'a, a ji yadda a ke ciki. Ekklesiya ce ta ɗauki nauyin abin nan tun daga fari har ƙarshe, domin ita kaɗai ce wurin da baƙi ya mallaka wanda Bature ba ya iya kore shi.

Wahala kuwa ta sauko wa King. Kowace rana ana buga masa tarho ana zaginsa, ana yi masa kashedin mutuwa. Ran 26 ga Janairu, 1956, aka kama shi wai ya yi gudu da mota, aka kulle shi. Kashegari da tsakar dare wani ya sake bugowa, ya ce in bai bar garin ba za su hallaka shi da gidansa. Barci ya gagara. Ya tashi ya shiga madafa, ya dafa gahawa, ya zauna shi kaɗai yana neman hanyar da zai janye ba tare da an ce masa matsoraci ba. Ya tuna da jaririyarsa da ke barci a ɗaki. Ubansa yana Atlanta, nesa. Shi da ya girma a gidan fasto, ya karanta littattafan tauhidi masu nauyi, a daren nan ya gane addinin da ya gāda ba zai ɗauke shi ba sai ya san Allah shi da kansa. Ya sunkuyar da kai a kan tebur, ya faɗa wa Ubangiji a fili ƙarfinsa ya ƙare, tsoro ya kama shi. Ya shaida daga baya, sau da yawa, cewa a nan take ya ji kamar wata murya a cikin zuciyarsa tana ƙarfafa shi ya tsaya a kan gaskiya, tana kuma yi masa alkawari ba za a bar shi shi kaɗai ba. Ba wanda ya ɗauki hoton daren nan. A ganina kuwa duk abin da aka ɗauka daga baya a nan ya tsiro.

Bayan kwana uku, yana cikin taro a masujada, aka jefa bom a barandar gidansa, matarsa da jaririyar suna ciki. Allah ya kiyaye su. Kafin ya iso gida, ɗaruruwan baƙaƙe sun taru a ƙofa, waɗansu da bindigogi, waɗansu da wuƙaƙe da fasassun kwalabe, 'yan sanda Turawa kuma suna tsakiyarsu, tsoro ya kama su. Ya shiga ya ga iyalinsa lafiya, sa'an nan ya fito ya tsaya a kan fasasshiyar barandar. Ya ce wa jama'a wanda ya zo da makami ya mai da shi gida, ya tuna musu da abin da Ubangiji ya faɗa wa Bitrus a gonar Jatsaimani, da koyarwar da ke cikin Matta sura 5 a kan maƙiya. Jama'a suka watse, ba a zub da jinin kowa ba.

Kada a ce abin ya zo masa da sauƙi. A kwanakin nan akwai masu tsaron gidansa da bindiga, shi kansa ya nemi takardar izinin riƙe bindiga, aka hana shi. Sai a hankali, da shawarar waɗansu da suka riga shi a hanyar nan, ya fitar da makamai duka daga gidansa. Mu ma da mu ke zaune a inda wani lokaci a kan tsokane mu, mun san yadda jini ke tafasa, mun kuma ji samari suna tambaya ko kunci nawa mutum ya ke da shi da zai yi ta juyawa. King bai koya wa mutanensa su kwanta a taka su ba. Ya koya musu su ƙi mugunta a fili, su ƙi bin dokar zalunci, su karɓi hukuncin da za a yi musu, amma hannunsu kada ya taɓa kowa. Wannan ya fi ɗaukar sanda wuya nesa.

Ran 13 ga Nuwamba, 1956, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa rarrabe mutane a cikin motocin nan ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Ran 21 ga Disamba da sassafe King ya shiga mota ya zauna a gaba, wani fasto Bature yana gefensa.

Ya Zo Afirka

Sunansa ya kai ko'ina. A 1957 shi da waɗansu fastoci, cikinsu har da amininsa Ralph Abernathy, suka kafa ƙungiyar shugabannin Kirista ta kudu. A cikin Maris na shekaran nan ya tafi Accra ya ga an sauke tutar Ingila an ɗaga ta Ghana. A 1958 yana sa hannu a littafinsa cikin wani kanti a New York, wata mace mai taɓin hankali ta soke shi a ƙirji da wuƙar buɗe wasiƙa. Bakin wuƙar ya tsaya dab da babbar jijiyar zuciya, likitoci suka ce da ya yi ko atishawa da ya mutu. Bai riƙe matar a zuciya ba, ya roƙa a yi mata magani. A 1959 ya ziyarci Indiya. A 1960 ya koma Atlanta yana taimakon ubansa a Ebenezer, cikin Nuwamba kuma ya zo Ikko bisa gayyatar Dokta Nnamdi Azikiwe, ya halarci bikin naɗa shi Gwamna-Janar na Nijeriya ran 16 ga wata. Ganin ƙasashenmu suna samun mulkin kai ya ƙara masa zafi, gama ya ga Afirka tana gudu, su kuwa a ƙasarsu ana ja musu rai a kan kujerar gidan abinci.

Ba kowane yaƙi ya ci ba. A garin Albany, a 1961 da 1962, shugaban 'yan sanda mai wayo ne. Ya hana mutanensa dukan kowa a gaban masu ɗaukar hoto, ya yi ta kulle jama'a a hankali cikin kurkukun garuruwan kewaye har suka gaji. King ya bar garin ba abin da ya sake. Amma ya koyi darasi, watau zaluncin da a ke yi a ɓoye ba ya damun wanda ke nesa, sai an fito da shi fili.

Birmingham Da Selma

Saboda haka a 1963 ya nufi Birmingham, birnin da ya fi ko'ina tsanani, inda an sha jefa bom a gidajen baƙaƙe. Aka kama shi ran Jumma'a Mai Kyau, 12 ga Afrilu. Yana kurkuku sai aka kawo masa jarida, ya ga malaman addini takwas, Turawa, sun rubuta cewa abin da ya ke yi bai dace ba, ya kamata a yi haƙuri a jira. Wannan ya fi dukan ɗan sanda yi masa ciwo. Ba shi da takarda, sai ya fara ba su amsa a gefen jaridar da kan guntayen da a ke saɗaɗo masa. Ya nuna musu mutanensa sun yi shekara fiye da 340 suna jira. Ya kawo misalin Shadrak da Meshak da Abednego waɗanda suka ƙi dokar sarki, da masu bi na fari waɗanda aka jefa wa namomin jeji. Ya ce abin da ya fi tare masa hanya shi ne mutumin kirki wanda ya fi son a zauna shiru da a yi adalci. Wasiƙar nan har yau ana karanta ta a makarantun tauhidi.

Da manya suka ragu, domin tsoron rasa aiki, sai aka bar 'yan makaranta suka fita ran 2 ga Mayu. Aka kama ɗaruruwa, kurkuku ya cika. Kashegari shugaban 'yan sanda, Bull Connor, ya sa aka sakar musu karnuka, aka buɗe musu mesar kashe gobara, ruwa mai ƙarfin da ke ɓare bawon itace yana mirgina yara a kan titi. Mutane da yawa, har cikin abokansa, sun ga laifin King da ya yarda a sa yara a gaba, ni ma ban iya cewa ba su da hujja ba. Amma masu ɗaukar hoto suna wurin. A daren nan mutanen Amurka suka gani a talabijin cikin ɗakunansu, da safe kuma jaridun duniya suka buga. Ba a yi kwana goma ba 'yan kasuwar birnin suka nemi sulhu, cikin Yuni kuma Shugaba Kennedy ya yi wa ƙasa alkawarin sabuwar doka.

Ran 28 ga Agusta mutum wajen 250,000, baƙi da fari, suka taru a Washington. King ne ya yi jawabin ƙarshe. Da ya kai tsakiya sai ya bar takardarsa ya shiga wa'azi irin na masujadarsu, yana kwatanta ranar da ya ke bege, sa'ad da za a auna 'ya'yansa da halinsu, a daina duban fatarsu. Gwamnatin Amurka ta sa aka yi majigin taron nan domin a nuna a ƙasashen waje. Amma kwana 18 kaɗai bayan haka, ran Lahadi da safe, aka tada bom a wata masujadar Baftis a Birmingham, 'yan mata huɗu suka mutu suna shirin shiga sujada. Uku suna da shekara 14, ɗaya 11.

Dokar ta fito ran 2 ga Yuli, 1964, ta hana rarrabewa a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. Cikin Disamba aka ba shi kyautar Nobel ta salama, yana da shekara 35, ya ba da kuɗin duka ga aikin.

Saura ƙuri'a. Ku tuna, talakan Jega ya jefa ƙuri'arsa a zaɓen tarayya na 1959, ko da shi ke matan Arewa ba su samu ba sai bayan shekaru. Amma a 1965, a gundumar Selma ta Alabama, cikin baƙaƙe wajen 15,000 da suka isa zaɓe, kamar 300 kaɗai aka yarda aka rubuta. In baƙi ya je sai a ba shi jarrabawar da ko lauya ba zai ci ba, ko kuwa a kore shi daga aiki. Ran Lahadi, 7 ga Maris, mutum wajen 600 suka tashi za su taka zuwa Montgomery, mil 54, watau ya fi nisan Jega zuwa Birnin Kebbi sau biyu. King yana Atlanta a ranar. Suna haye gada sai 'yan sanda suka auka musu da kulake da dawakai da barkonon tsohuwa, suka fasa kan wani saurayi mai jan gaba, John Lewis. A daren nan wani gidan talabijin yana nuna silima a kan shari'ar da aka yi wa 'yan Nazi na Jamus, sai aka tsai da ita aka nuna abin da ya faru a gadar. King ya yi kira ga malaman addini na ƙasa duka, suka zo da yawa, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Bature, James Reeb. Ran 21 ga wata aka sake tashi, sojoji suna tsaro, aka isa ran 25. Dokar ƙuri'a ta fito ran 6 ga Agusta.

Shekarun Ƙarshe

Daga nan hanya ta yi masa duhu. A 1966 ya koma Chicago domin ya yi faɗa da mugayen gidajen da a ke cusa baƙaƙe, aka jefe shi da dutse a kai har ya durƙusa, bai kuwa sami abin kirki ba. Samari da yawa suka gaji da haƙuri, suka ce hanyarsa ta tsofaffi ce. A 1967 ya fito fili ya soki yaƙin da ƙasarsa ke yi a Vietnam, sai Shugaba Johnson ya juya masa baya, manyan jaridu suka yi masa ca. Shugaban babbar tarayyar Baftis ta baƙaƙe ma tun da daɗewa ba ya goyon bayansa.

Akwai kuma abin da majigi bai nuna ba, ba kuwa daidai ba ne mu ɓoye. 'Yan sandan ciki na gwamnati, FBI, sun yi shekaru suna sauraron wayarsa da ɗakunan da ya ke sauka, suna neman abin da za su kā da shi. Sun kuwa samu, gama bai riƙe alkawarin aurensa da aminci ba. A 1964 suka aika masa da wasiƙa marar suna domin su karya masa zuciya. Bayan mutuwarsa kuma, a 1991, jami'ar Boston ta bincika ta tabbatar ya kwashi maganar waɗansu ya sa cikin littafin digirinsa bai ambace su ba. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce laifinsa yana damunsa ƙwarai, a cikin wa'azinsa na ƙarshe-ƙarshe yakan kira kansa mai zunubi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana al'amarin Dawuda ba, bai kuma fid da Zabura saboda shi ba.

A farkon 1968 leburorin kwasar shara na birnin Memphis, wajen 1,300, suka shiga yajin aiki bayan da motar shara ta matse biyu daga cikinsu har lahira. Suka kira King. Mashawartansa suka ce yana da manyan ayyuka a gaba, amma ya tafi. Zagayen da ya ja ran 28 ga Maris ya rikice, waɗansu samari suka farfasa kantuna, 'yan sanda suka harbe wani yaro. Abin ya karya masa gwiwa, duk da haka ya ƙudura zai komo ya nuna ana iya yi cikin salama. Ran 3 ga Afrilu da dare, ana ruwa da iska, ba ya jin daɗin jikinsa, aka matsa masa ya je masujada. Ya yi magana a kan Basamariyen nan mai tausayi, ya tuna da wuƙar New York, daga ƙarshe ya kwatanta kansa da Musa a kan Dutsen Nebo, wanda aka nuna masa ƙasar amma bai shiga ba. An ɗauki hoton jawabin nan. Wanda ya kalla zai ga yadda ya juya daga mumbari kamar zai faɗi, Abernathy ya tare shi.

Kashegari, 4 ga Afrilu, wajen ƙarfe shida na yamma, yana tsaye a barandar masaukinsa yana magana da abokansa da ke ƙasa, aka harbe shi daga wani gida a ƙetaren hanya. Ya cika bayan kamar sa'a guda, yana da shekara 39. Tarzoma ta tashi a birane fiye da 100. Wanda aka kama, James Earl Ray, a filin jirgin sama na London aka same shi bayan wata biyu, aka ɗaure shi shekara 99. Ran 9 ga wata aka yi jana'iza a Ebenezer, aka ɗora akwatin a kan amalanken gona, alfadarai biyu suna ja, dubban mutane suna biye.

A 1970 aka harhaɗa hotunan da 'yan jarida suka ɗauka tun daga Montgomery har Memphis, aka yi majigi guda na wajen sa'a uku mai suna King: A Filmed Record, aka nuna shi dare ɗaya, ran 24 ga Maris, a gidajen silima da yawa. A 1987 kuma wani baƙar fata, Henry Hampton, ya fito da wani mai suna Eyes on the Prize, kashi shida, ya ƙara takwas a 1990. Wannan na biyu ya fi gamsar da ni, domin ya nemo masu wanki da 'yan makaranta da fastocin ƙauye waɗanda suka yi tafiyar, ya bar su suka faɗi da bakinsu. Tun 1986 kuma Amurka tana hutu kowace Litinin ta uku ga Janairu domin tunawa da shi.

Tsohon, uban Martin, ya ga sauran. A 1969 ƙanen Martin, wanda shi ma fasto ne, ya nutse a ruwa. Ran Lahadi, 30 ga Yuni, 1974, Alberta tana zaune tana kaɗa ogan a Ebenezer, wani saurayi ya tashi daga cikin jama'a ya harbe ta, mijinta yana cikin masujadar. Tsohon ya faɗa a gaban mutane cewa ba ya ƙin wanda ya kashe ɗansa, ba ya kuma ƙin wanda ya kashe matarsa. Ya ci gaba da riƙon ekklesiyar har 1975, ya rasu a 1984 yana da shekara 84.